Giyar Shekarar Maylis

Firmin Darrigade mijin yayata ne, kuma shekara hamsin na yi ina faɗa masa cewa yayata ta fi ƙarfinsa. Bai taɓa musu ba. Gajere ne mai dogon hanci, ga shiru kamar wanda aka aiko gaisuwar mutuwa. Ba shi da gonar inabi ko taki ɗaya, bai taɓa mallakar ganga ba, amma daga garin Pauillac har garin Margaux duk mai tsohuwar jar giya a ɗakin ƙasa ya san ƙofar gidansa. Kiransa ake yi ya duba abin da aka ajiye, ya yanke ɗaya daga cikin hukunci uku: a sha yanzu, a ƙara jira, ko a sayar tun giyar ba ta mutu a hannun mai ita ba. In ya faɗa an gama. Ko dillalan Bordeaux da taurin kansu ba sa ja da shi.

Ubansa mai wankin kwalabe ne a babban gidan gonar da ke bayan ƙauyenmu. Shi ma can ya tashi, can ya yi aiki har gwiwoyinsa suka gaji. Saboda hancin nan nasa ya haramta wa kansa rabin daɗin duniya. Ba taba, ba gahawa, ba tafarnuwa, mu da ko ƙwai ba ma soyawa sai da ita. Ana gobe ɗaurin aurensu ya roƙi Hortense, yayar tawa, kada ta sa turare. Na ce mata, "Yaya, ki gudu tun da sauran lokaci. Wannan ba miji ba ne, karen farauta ne." Ta yi dariya ta aure shi, kuma in faɗi gaskiya, ya riƙe ta da kyau.

Na sha raka shi wurin aiki, don ni ke da mota, shi kuwa har ya tsufa bai yarda da sitiyari ba. In ya shiga ɗakin ƙasa ba ya taɓa komai sai ya tsaya ya shaƙi iskar wurin, ya shafa bango ya ji sanyinsa. Sannan ya kunna kyandir, ya ɗago kwalba a kwance kamar mai ɗaukar jariri, ya duba inda giyar ta tsaya. In tana cikin wuyan kwalbar, lafiya lau. In ta sauko kafaɗa, shekaru sun sha rabonsu, a yi hattara. In ta wuce kafaɗa sai ya girgiza kai ya mayar. Wadda za a buɗe kuwa, a kan hasken kyandir yake tsiyaye ta, a hankali, yana kallon wuyan har lakar da ta kwanta a gindi ta fara tahowa, sai ya tsaya cak. Ya karkata kofin gilashi a kan farin ƙyalle. Sabuwar giya baƙi-baƙi take har bakin kofi, ga bauri mai kama dasashi. Tsohuwa kuwa gefenta ya koma ruwan goro, baurin ya kwanta, tana ƙamshin busasshen ganye da tsohuwar fata. Ya kurɓa, ya juya a baki, ya tofar, ya yi shiru har mai gida ya fara gumi.

Akwai wani ɗan Paris da ya gaji ɗakin ƙasar kawunsa, ya zo da takalmi mai ƙyalli yana taka laka kamar mai taka ƙaya. Shi ba shan ne ya dame shi ba, ajiya yake so ya yi ta ƙara daraja.

"Malam Darrigade, in na bar su nan da shekara goma, ina za su kai?"

"Nan da shekara goma, ranka ya daɗe, ta zama ruwan tsami, sai dai ka zuba a latas."

"Amma an ce min irin wannan kullum hawa take yi."

"Haka aka ce wa kawunka. Ya yi ta jira, ga shi can bayan coci. Waɗannan na dama ka sayar a wannan watan, suna da sauran ƙarfi, mai saye ba zai zage ka ba. Waɗannan na hagu ka kira abokanka ranar Lahadi ku gasa rago."

Aikinsa na biyu shi ne canza matoshi. Matoshin kwalba ɓawon itace ne, shi ma yana tsufa, in ya yi shekara ashirin da wani abu sai ya fara ruɓewa. Sai a zare shi, a cika gurbin giyar da ta ragu, a sa sabo. Ƙa'idar cikawar kuwa ba ta da wasa: da giyar gona ɗaya, ta shekara ɗaya ake cikawa. Dole a sadaukar da kwalba guda don sauran su rayu. Wanda ya kawo sha biyu, sha ɗaya zai koma da su. Na ga ranar da wani dillali ya raɗa masa ya cika da wata ƙarama mai araha, wai wa zai sani. Firmin ya naɗe kayan aikinsa, ya fito ya shiga motata, bai kuma sake taka gidan mutumin ba har mutumin ya mutu.

'Yarsu ɗaya ce tal, Maylis. A nan in an haifi yaro uban yakan ajiye giyar shekarar, ba a taɓa ta sai ranar aure. Tsofaffinmu kuma sun yarda yaro da giyar shekararsa tare suke tafiya, halin wannan shi ne halin wancan. Dariya ake yi in an faɗa, amma ban taɓa ganin uwar da ba ta tambayi yadda inabin shekarar ɗanta ya yi ba. Shekarar Maylis an yi zafi mai tsanani, giyar ta fito da bauri da taurin kai, masana suka ce sai an yi haƙuri da ita. Yarinyar ma haka ta fito. Firmin ya karɓo kwalba ashirin da huɗu daga gidan gonar ya jera a ɗakin ƙasarsu, ita kuwa tun tana 'yar makaranta take tsokanarsa da su.

"Baba, in ban yi aure ba fa?"

"Sai ki shanye kayanki ke kaɗai, ki yi ta tangaɗi a titi har wani ya tausaya ya ɗauke ki."

"A'a, sayarwa zan yi in sayi babur."

"Ki taɓa ki gani."

Tana da shekara sha tara, a watan Yuni, lokacin da inabi ke fure, ta je rumfar kamun kifinsu da ke bakin kogin Gironde, irin masu dogayen ƙafafun nan a cikin ruwa. Ragar ta maƙale a jikin turke, ta sauka cikin ƙaramin kwalekwale don ta kwance ta, ruwa kuma ya fara janyewa zuwa teku. Da rana tsaka ne. Mutanen da ke gaɓa sun ga ta ɗaga musu hannu, suka ɗauka gaisuwa ce, suka ɗaga mata. Washegari aka tsinci kwalekwalen can ƙasa. Ita ba a same ta ba, ko takalminta. Limamin coci ya yi addu'a a kan babu, muka watse ba tare da mun zuba ƙasa a kan komai ba.

Hortense ta yi kukanta kamar kowace uwa. Ta rame, ta rabar da kayan yarinyar, bayan shekara biyu ta koma kan keken ɗinkinta. Firmin kuwa ban ga hawayensa ba ko sau ɗaya. Kwaɗo kawai ya sayo ya sa wa ƙofar ɗakin ƙasa, ya rataya makullin a wuya.

Mu nan mun san cewa in inabi ya yi fure a gona, tsohuwar giya takan motsa a cikin kwalba, ta ɗan gurɓace, kamar ta ji ana kiranta daga waje. Masu ilimi sun ce canjin zafi ne. To, su suka sani. Ni abin da na sani shi ne duk watan Yuni Firmin yakan sauka ɗakin nan da kayan aikinsa ya kulle kansa, wuni guda, wani lokaci har kwanaki yana komawa. Gidana yana jikin nasu, kicin ɗina yana kan bangon ɗakin. Ina yanka albasa sai in ji muryarsa ta taso daga ƙasa, ƙasa-ƙasa, yana magana. Maganar ba ita ta dame ni ba, tsofaffi da yawa suna yi. Shirun da ke tsakani ne ya dame ni. Yakan faɗi abu, ya tsaya daidai tsawon amsa, sannan ya yi 'yar dariya ya ci gaba. A kwanakin kuma sai in ga laka a kan matakalar ɗakin, lakar kogi mai toka-toka, ɗanya, da ƙarninta, alhali tsakaninmu da kogi akwai tafiya.

Wata rana na tare shi yana fitowa, fuskarsa a sake kamar wanda ya dawo daga ziyara.

"Kai karen farauta, da wa kake hira a ƙasa?"

"Da kaina."

"Kan naka yana ba ka amsa ke nan, don na ji kana jiransa."

Ya dube ni, ya gyara makullin a wuyansa, ya wuce. Na kai ƙara wurin Hortense, ta ce ba tare da ta ɗago daga ɗinki ba, "Ƙyale shi, Josiane. Ni ina da coci, shi yana da wancan ramin." Daga ranar ko kusa da ƙofar ban ƙara bi ba, gara in zagaya ta lambu.

Haka muka tsufa mu uku. Bara da sanyi ciwo ya kama Hortense a ciki, likitocin Bordeaux suka yi iya yinsu, suka sallamo ta gida da magungunan rage zafi. Kowa ya san ma'anar wannan. Wata safiya ina taje mata kai ta ce, "Josiane, ina so in ga 'yata."

Matajin ya kusa faɗuwa daga hannuna. Na ce, "Yaya, bari in kira likita."

"Zauna, ba zautuwa na yi ba. Da tana nan, bana za ta cika arba'in da biyar. Ban san fuskarta a arba'in da biyar ba. Duk matar da na gani a kasuwa mai irin shekarun sai in tsaya ina aunawa, ko haka za ta yi ƙiba, ko haka za ta riƙa ɗaure gashi. Na gaji da aron 'ya'yan mutane. Amma giyarta tana nan ƙarƙashinmu, ita ba ta tsaya ba, ta ci gaba da girma. Ina so in ɗanɗana in ji wace irin mace ta zama. Shi kaɗai ya rage min."

Na yi kuka, ba na ɓoyewa. Da Firmin ya shigo ta maimaita masa. Ya tsaya a bakin gado yana murza hularsa, ya ce, "Ba ta isa sha ba tukuna."

"Giyar shekara arba'in da biyar? Firmin, kai da ke aika mutane su gasa rago?"

"Na ce ba ta isa ba."

Sau uku tana roƙonsa a cikin watan, amsar ba ta canza ba, ita kuma kullum ƙara shigewa cikin katifa take yi. Na so in fasa ƙofar da gatari, Hortense ta hana ni. Yayata ba ta faɗa, dabara take yi. Ta sa na kira Sylvaine Lacaze, wadda Firmin ya koya wa aiki da hannunsa tun tana budurwa, yanzu ita ke duba tsofaffin kwalabe ga masu gwanjo a Bordeaux. Sai da Sylvaine ta iso, rana ta take, sannan Hortense ta gaya wa mijinta. Ta ce in ta tafi dole a samo mai kula da shi, don haka za a sayar da giyar, tunda irinta yanzu masu ajiya rububinta suke yi. Kuma ba a sayar da tsohuwar giya sai an duba, ba a dubawa sai an buɗe ɗaya. "Ƙa'idarka ce," in ji ta, "ba tawa ba."

Firmin ya ciro makullin daga wuyansa ya miƙa wa Sylvaine.

Ni na riƙe kyandir muka sauka mu uku, ni da shi da Sylvaine. Rabona da ɗakin tun Maylis tana raye. Sanyi ya buge ni, da warin kogi, kamar ruwan yana bayan bango yana saurare. A kusurwa ga takalman roba laka ta bushe a jikinsu, ga wata 'yar buta mai murfi cikinta ya rine ja. Kwalaben suna jere a kwance, ba ƙura, ba yana. Sylvaine ta ɗago ɗaya ta kara da haske, giyar tana can cikin wuya, cike taf. Ta ɗago ta biyu, haka. Ta uku, haka. Ta shafa matoshin, sabo ne, aikin hannun da ta sani. Ta yi murmushi ta ce, "Baba, wannan ai masu saye sai sun yi dambe a kansu." Sai ta bi layin da yatsa har ƙarshe, ta dawo ta sake bi, murmushin ya ɗauke.

"Ashirin da huɗu ka ajiye?"

"Ashirin da huɗu."

"Ga su nan ashirin da huɗu. Ka canza matoshi, ka cika su har wuya, kuma babu wadda ta tafi. Baba, da me ka cika su?"

Ya zaɓi ɗaya da kansa, ya rungume ta ya hau matakala, muka bi shi.

Mun zaunar da Hortense a kujera kusa da taga, na shimfiɗa farin ƙyalle a tebur. Firmin ya buɗe, ya tsiyaye a kan kyandir yadda ya saba, sai dai bai tsaya ba har kwalbar ta ƙare, don babu wata laka da ta taho. Sylvaine ta karkata kofinta a kan ƙyallen. Ni ba masaniya ba ce, amma shekarun da na yi ina tuƙa shi ba a banza ba. Babu ruwan goro a gefen nan. Ja ne mai duhu har bakin kofi.

Hortense ta riƙe nata da hannu biyu, ta rufe ido, ta kurɓa. Na ga bakinta ya tattare don bauri. Ta buɗe ido tana duban mijinta kamar wadda ta je tarbar baƙo a tasha aka sauke mata wani daban. Sylvaine ta kurɓa, ta juya a baki, ta manta ba ta tofar ba, ta haɗiye.

"Baba, don Allah kada ka sa ni in faɗa."

"Faɗi. Aikinki ne, ni na koya miki."

"Gonar ce, babu shakka. Giya ce mai kyau, tana da sauran tafiya mai nisa. Amma wannan ba ta kai shekara ashirin ba."

"Sha tara," in ji Firmin.

Ya zauna a bakin gado ya ajiye hularsa a gwiwa, ya yi magana yana kallon ƙasa, da muryar nan da na saba ji ta bango. Ya ce shekara biyu bayan abin ya faru ya sauka a watan Yuni ya buɗe ɗaya don ya duba matoshi, ya ɗanɗana, sai ya ji ta canza. Baurin ya fara kwanciya, wani ƙamshi da bai sani ba ya shigo. Giyar ta girmi Maylis. Ta wuce inda yarinyar ta tsaya, tana tafiya wani wuri ba tare da ita ba. Ya ce bai iya jurewa ba. Sai ya rage kaɗan daga kowace kwalba, ya cika da ƙarama daga rabon da gidan gonar ke ba ma'aikatansa duk shekara, har ɗanɗanon ya dawo daidai inda ya san shi. Shekara ta zagayo, ta sake matsawa, ya sake dawo da ita. Haka ya yi ta yi duk lokacin fure.

"In na daidaita ta," ya ce, "sai in ji ta shigo. Tana zaune a kan matakala tana min rashin kunya, tana cewa za ta sayi babur."

Sylvaine ta share ido da bayan hannu. Ta ce a hankali ba za ta iya sa sunanta a kan waɗannan kwalabe ba, ba za a sayar da su da sunan waccan shekarar ba, ba kuma za a sayar da sunan wata ba, don ba su da shekara. Babu wanda ya kula ta. Hortense ta ajiye kofin.

"Ta asalin, nawa ta rage a ciki?"

"In ta kai cokali a kwalba, to da ƙyar."

"Ka hana ta girma, Firmin. Kogi ya ɗauke min ita sau ɗaya, kai kuma kana ƙarƙashin ƙafata kana ɗauke min ita duk shekara." Ba ta ɗaga murya ba, da ma ba ta da ƙarfin. "Wadda ka riƙa ragewa fa? A ƙasa ka zubar?"

Ya ɗago da sauri kamar an mare shi. "In zubar? Tata ce fa. A buta nake zubawa in kai mata. Can gindin rumfar, inda ta sauka."

Hortense ta juyo gare ni. Sannan ta ce, "Josiane, kawo motarki. Ki ɗauko min kofi mai tsabta."

Na ce mata iska za ta kashe ta, ta ce ai an riga iska. Muka naɗe ta a bargo, ni da Sylvaine muka ɗauke ta, ba ta fi nauyin yarinya ba. Firmin ya shiga kujerar baya. La'asar ta yi sanyi, kogi ya cika maƙil, ruwan nan ja-ja mai kauri, faɗinsa har ba ka ganin ɗaya gaɓar sosai. Rumfar tana nan, ƙafafunta sun yi baƙi. Muka zaunar da ita a kan dutsen da ake ɗaure kwalekwale, ta miƙo min kofin.

"Ɗebo min."

"Yaya, ruwan laka ne, ko kare ba zai sha ba."

"Shekara ashirin da wani abu ana zuba mata a nan. Ɗebo min, Josiane, kada ki sa in sauka da kaina."

Na durƙusa na ɗebo. Ta karkata kofin a kan farin bakin bargonta ta duba gefensa. Ta kai hanci ta daɗe. Ni ina tsugune kusa da ita, kuma ko a gaban wa zan faɗa, na ji ƙamshin busasshen ganye da tsohuwar fata ya wuce ta gabana, sau ɗaya, sannan warin laka ya dawo. Sylvaine ta ce ita ba ta ji komai ba, amma ta ja da baya ta kama hannuna. Hortense ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye. Fuskarta ta saki, irin sakin da rabona da gani tun muna da ƙuruciya.

"Oh, ji ta," ta ce. "Ta yi sanyi. Taurin kan yana nan, amma ya koma ciki, sai wanda ya san ta zai gane." Ta ƙara kurɓa. "Ta yi furfura a nan gefen, irin tawa. Ta ɗan yi jiki. Muryarta ta yi ƙasa, Josiane, kamar ta Inna. Ta gaji, amma ba ta fushi da kowa."

Firmin ya matso, ya miƙa hannu. "Hortense. Ba ni in ji."

Ta dube shi, ba da ƙiyayya ba, da tausayi ma zan ce. Sannan ta karkata kofin ta mayar wa kogi sauran.

"Ba za ka gane ta ba," ta ce. "Taka tana gida."

Ba ta kai lokacin tsinkar inabi ba. Ta tafi cikin sauƙi, kuma a kwanakin ƙarshe ta bar shi ya riƙe hannunta, ban ce ba ta yafe ba. Ni ce dai har yau in na kai masa miya nake dangwarar da kwanon da ƙarfi. Ya daina zuwa duba giyar mutane, ko an zo da mota an roƙe shi. Ƙofar ɗakin ƙasa tana nan a buɗe, ba ya sauka, ban kuma ƙara jin murya ta bango ba. Na ɗauka zan ji daɗin shirun, ashe ya fi maganar nauyi.

Bana da inabi ya yi fure ya ƙwanƙwasa min ƙofa da hantsi, ya sa rigarsa ta zuwa coci, da kofi naɗe a farin ƙyalle. Ya ce in ba zan damu ba in kai shi bakin ruwa. Ban tsokane shi ba, na ɗauko makulli. Da muka isa ya ƙi in taimaka masa, ya durƙusa da kansa a kan dutsen, ya ɗebo. Ya duba gefen kofin. Ya shaƙa, ya sake shaƙa, da hancin nan da ya hana shi tafarnuwa da turaren amaryarsa. Ya kurɓa ya juya a baki, ya rufe ido, ya daɗe har na gaji da tsayuwa. Ya zubar ya ɗebo wani daga can gaba, ya sake. Ya ɗebo na uku.

Na ce, "Firmin, me ka ji?"

"Laka," ya ce. "Laka da gishiri."